Kawu Bala da Boris ɗin Hagu

Duk wanda ya taɓa tsayawa magana da Kawu Bala a tashar Gumel ya san abin da zan fara da shi. Kana cikin gaishe shi sai ka ji ya kama kafaɗarka ya zagaya da kai, kamar mai gyara wa buhu zama, har sai ka koma gefensa na hagu. Sannan ya ce, "Yauwa, faɗi." In ka tambayi dalili, amsarsa ɗaya ce: "Kunnen dama na inji ne, na hagu na mutane. Ba na haɗa su."

Mun yarda, ko in ce mun yi kamar mun yarda. Bas ɗinsa, wadda yake kira Tsohuwa, irin wadda direba ke zama a kan tayar gaba ce, inji kuma yana ƙarƙashin kujera ta damansa, don haka maganar ta yi kama da gaskiya. Shi ya sa ma ba a yi mamaki ba da ba ya amsa wa na kujerar gaba in yana tuƙi. Kana iya ba shi labari tun daga Gumel har Maigatari, ko "uhm" ba zai ce maka ba. In ka taɓa shi kuwa, sai ya doke hannunka. Ba a taɓa direba.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma a hannunsa na tashi. Sunana Nura, amma ban tuna ranar da ya kira ni da shi ba. Tun da na dawo daga jami'a ya laƙaba mini Malam Wataƙila, wai ko sunana aka tambaye ni sai na ce wataƙila. Ba zan ce ƙarya ya yi ba. Bayan sadakar arba'in ɗinsa abokansa na tasha suka matsa mini in rubuta wani abu a kansa. Na daɗe ina jinkiri, don ina tsoron in ƙara ko in rage a kan wanda ba ya nan balle ya kare kansa. In na kuskure a wani wuri, waɗanda suka fi ni saninsa su gyara.

Kun san dokarsa ta gyara: wanda ya ɗaure noti, shi zai zauna a kansa. Duk bakaniken da ya taɓa Tsohuwa sai ya shiga an tafi gwaji da shi, kuma a kan wurin da ya gyara zai zauna. Ɗanjuma bakanike ya taɓa gyara mata birki, bai san dawan garin ba. Kawu ya sa shi a gaba, ya kama hanyar Maigatari, sai ga garken shanu suna tsallaka titi. Kawu ya ƙi taka birki. Shanu na matsowa, Ɗanjuma na salati, Kawu na kallon gabansa kamar ba shi ke tuƙi ba. Sai da suka ga ƙudan da ke kan hancin bijimi sannan ya taka.

"Ya kama?" in ji Kawu.

"Birki ya kama, Kawu," in ji Ɗanjuma. "Cikina ne bai kama ba. Don Allah buɗe mini ƙofa."

Tun daga nan, da an hango Tsohuwa ta nufo gareji, ko da hantsi ne, sai ka ga kowane bakanike ya ɗauki buta wai zai yi alwala.

To, shekarar da matata Hauwa take da cikin fari, ta tafi gidan iyayenta a Ɗanzomo goyon ciki, kamar yadda aka saba. A awon ƙarshe likita ya ce abin da ke cikin bai kwanta daidai ba, kada a kuskura a bar ta ta haihu a gida. Da naƙuda ta fara, a kawo ta asibiti Gumel ba tare da ɓata lokaci ba. Ni kuwa mutum ne da in na kulle ƙofa sai na koma na taɓa kwaɗon. Ku ƙiyasta halin da na shiga.

Kawu bai ga abin damuwa ba. "Tsohuwa ce ta ɗauko ta tana amarya," in ji shi, "ita za ta kawo ta ta haihu."

Matsalar ita ce Tsohuwa ta fara wani gurnani a gaba. In tana tafiya a hankali ba ka jin komai, amma da ta hau kwalta ta miƙe sai ka ji wuu-wuu-wuu, kamar amya cike da ƙudan zuma. Na bincika a waya, na ga alamar boris ɗin tayar gaba ce, wato ƙarfen nan mai 'ya'ya da taya ke juyawa a kansa. Na karanta cewa in ya ci ya ƙare, taya tana iya cijewa, ko ta fice ta bar mota tana cikin gudu. Har hotuna na gani. Da ma ban gani ba.

Na same shi yana cin goro a bakin tasha, na zagaya ta hagu.

"Kawu, ba wai na raina Tsohuwa ba ne. Amma wataƙila, don dai shiri, ko za a yi wa Garba Jirgi magana ya zauna da sani?"

Wayyo! Da na san abin da zai biyo baya da na haɗiye maganar. Garba Jirgi direba ne mai sabuwar mota, kuma tun ina sakandare suka yi faɗa da Kawu a Gagarawa Tasha a kan layin lodi. Ko a jana'iza suka haɗu, sai ɗaya ya koma wancan sahun.

"Jikana ya shigo duniya a motar Garba?" Goron ya kusa shaƙe shi. "Gara ka ɗauko ta a amalanke! Ranar da ka sa matarka a motar Garba, ka je kasuwa ka sayi wani kawun."

Da ƙyar, da roƙo, da sa bakin mahaifiyata, ya yarda a canza boris. Sai batun wane gefe.

"Ni dai a kunnena kamar daga dama yake fitowa," na ce. "Amma wataƙila ƙarar ce ke yawo."

"Wataƙila! Hagu ne. Ni fa duk abin da ya taɓa damun motar nan daga hagu nake jin sa."

Yanzu in na tuna wannan magana sai in ce da ma na gane abin da take nufi. A lokacin kuwa cewa na yi a raina, mutumin da ya tsufa a kan sitiyari ai ya fi ni kunne.

Ranar Alhamis muka je kasuwar Maigatari, don Kawu ya rantse kayan gyaran da ke shigowa ta Nijar sun fi ƙarko. Muka sami wani mutumin Damagaram mai rumfar ƙarafa. Shi rulma yake ce wa boris. Kawu ya karɓa, ya juya shi a yatsa, ya shinshina, ya kanga a kunne, har da ɗan lasa. Sannan ya ce wa mutumin ya rufe rumfa, zai bi mu Gumel, don in an ɗaura shi ma sai ya hau gwaji.

Mutumin ya karɓe kayansa ya rungume. "Kai ne Bala mai Tsohuwa? Wallahi labarinka ya tsallaka iyaka. Ni ƙarfe nake saidawa, Alhaji. Raina ba na saidawa ba ne."

Sai da mutanen rumfunan kusa suka sa baki aka daidaita, Kawu ya yafe wa mutumin gwaji. Amma ya ƙi sayen sabuwar robar da ke tare giris, ya ƙi sayen ɗan fil ɗin da ke hana noti kwancewa, wai yana da ƙusa a gida. Muna kaiwa bakin mota na ce na manta wayata a rumfa, na koma da gudu na saye su na cusa a aljihu.

Ba bakaniken da zai taɓa aikin, don haka ni da shi muka yi, a ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya. Kun san ƙasar Gumel, yashi ne zalla. Na ce wataƙila a nemi wuri mai tauri. Ya ce falanki ya isa. Ya sassauta notocin tayar gaba ta hagu, ya ɗora jak a kan wani guntun katako, ya ɗaga. Na ce na karanta ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, sai an tokare ta da wani abu. Ya dube ni, ya shiga gida, sai ga shi ya mirgino turmin Gwaggo Talatu, matarsa. Tana biye da shi da taɓarya a hannu.

"Malam, turmina! Gero na jiƙa fa!"

"Aro ne. Yanzu za a dawo miki da shi."

Ya kifa shi ƙarƙashin ƙarfen motar. Kafin mu cire tayar na kama ta sama da ƙasa na girgiza, don an ce in boris ya lalace za ta yi rawa. Ko motsi ba ta yi ba. Na juya ta, ta juya shiru.

"Kawu, wannan kamar ba ta rawa."

"Kunyarka take ji."

Muka cire taya. Muka kwance birki muka rataye shi da igiya don kada bututun mai ya tsinke. Ya ɓalle murfi, ya zare tsohuwar ƙusar da ya lanƙwasa a wurin tun wani zamani, ya kwance babban noti. Ya rage a zaro kan da taya ke ɗaure a jiki, ya ce in ja. Na zauna a ƙasa, na miƙe ƙafafuna biyu ƙarƙashin mota, na ja. Ya ƙi. Na sake ja da ƙarfi.

Ban ji ƙarar komai ba da farko. Gani na yi motar tana sunkuyowa a kaina a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa. Katakon ya sulale, jak ya nutse a yashi. Na so in janye ƙafa, ƙafa ta ƙi jin magana. Sai ƙim! Tsohuwa ta zauna a kan turmi. Tsakanin ƙarfe da gwiwata, in ban ƙara ba, bai fi tafin hannu ba.

Kawu ne ya ja ni ta hammata ya fito da ni. Na zauna a yashi ina duba ƙafafuna. Shi kuwa ya juya wurin Gwaggo, wadda ta saki taɓarya tana salati.

"Kin gani? Yau turmin nan ya yi aikin da ya fi daka."

Ta leƙa. "Ya tsage!"

"Ƙafar ɗanki fa?"

"Shi ƙafa biyu gare shi. Ni turmi ɗaya gare ni!"

Haka ta faɗa, amma da ta kawo mini ruwa, sai da ta shafa gwiwoyina biyu ta tabbatar lafiya suke.

Muka samo faffaɗan dutse muka sake ɗagawa. Da tsohon boris ya fito, na wanke shi da kananzir na duba. Sumul yake, yana ƙyalli, ba tsatsa ba zane.

"Kawu, wataƙila ni ne ban iya dubawa ba, amma wannan kamar lafiyarsa ƙalau."

"Munafuki ne. Mai ciwon ciki ma fuskarsa ƙalau take."

Ya sa guduma ya fitar da tsofaffin zobban da boris ke zama a ciki, ya buga sababbi a hankali, ya cika tafin hannunsa da giris ya dinga cusa wa sabon boris har ya fito ta ɗaya gefen. A nan kam, gaskiya, hannunsa ya iya. Ya ɗaure noti tam, sannan ya ɗan sassauta don tayar ta samu juyawa, ni kuwa ban so hakan ba, don a ganina duk abin da aka sassauta zai kwance. Ya laluba aljihu ya fito da ƙusa. Na miƙa masa fil ɗina. Robar tun da farko na lallaɓa na sa ta yana waige.

"Ina ka samu wannan?"

"Tsinta na yi."

"Tsintuwa a cikin leda, da ƙulli?"

Amma ya sa. Da muka gama na roƙe shi mu hau kwalta mu gwada. Ya ce mai ba ruwan rijiya ba ne. Ya zagaya unguwa da ita a cikin yashi, tafiyar hawainiya. Shiru.

"Ka ji wani abu?"

"Ban ji ba."

"To. Ni na ɗaure, kuma ni ke zaune a kai. Magana ta ƙare."

Ba a daɗe ba, wata safiyar Alhamis cikin damina, surukata Iya ta bugo waya: naƙuda ta fara. Muka kama hanyar Ɗanzomo. Muna hawa kwalta na ji shi. Wuu-wuu-wuu, yana nan yadda yake, har ya fi da. Da muka tsaya a ƙofar gidan, na zagaya ta hagu na gaya masa.

"Sabon boris ne yake sabawa," in ji shi. "Sabon takalmi ma kuka yake."

Ba lokacin gardama. Aka kwantar da Hauwa a kujerar da ke bayan direba, kanta a cinyar Iya. Ni na zauna gaba, a kan tayar dama. Muka juyo.

Ban san nisan da muka yi ba. Gero ya yi tsawo hagu da dama, ba gida ba mutum. Gurnanin ya koma gurzawa, kamar ana niƙa tsakuwa. Sai na ji ƙasan motar ya yi zafi ta cikin takalmina. Sai wari, irin na ƙarfe da giris suna ƙonewa. Na leƙa ta taga, na ga hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashina.

"Kawu, wataƙila a tsaya."

Idonsa na kan hanya.

"Kawu, a tsaya! Kawu!"

Ko gezau. Na kama hannunsa, ya doke ni ya ƙara taka mai, don a tunaninsa sauri nake nema. Ina ihu a gefensa, kamar ina yi wa bango. A wannan lokacin na gane abin da ya kamata in gane tuntuni: ba inji ba ne a kunnen nan na dama. Ba komai a cikinsa. Ya mutu, Allah kaɗai ya san tun yaushe, kuma duk gurnanin da yake ji ta kunne ɗaya yake shiga. Lafiyayyen boris muka cire, muka bar marar lafiya, ga shi kuma matata da abin da ke cikinta suna kansa.

Hauwa ce ta cece mu. Yarinyar da tun da aka kawo ta ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Kawu ba, ta yunƙura cikin ciwo, ta kama bayan kujerarsa, ta sa baki a kunnensa na hagu.

"Kawu, ka tsaya! Tayar dama tana cin wuta!"

Allah ya sa bai danne birki gaba ɗaya ba. Ya sassauta a hankali, sitiyari na fizgarsa, har muka gangara gefen titi. Muka fito. Tayar ta karkace kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa, hayaƙi na tashi daga tsakiyarta. Kawu ya kai hannu, ya janye da sauri, yatsunsa sun ƙone. Ya tura ta da ƙafa, ta yi lilo. Ya tsaya yana kallonta.

A cikin mota Hauwa na nishi, Iya na kiran sunayen Allah. Na fito da waya ina neman wanda zan kira. Sai muka ji ƙarar mota daga baya. Fara ce, sabuwa, cike da 'yan kasuwar Maigatari. Ko daga nesa mun san ta.

Kawu ya shiga tsakiyar titi, ya cire hularsa, ya ɗaga hannu biyu. Motar ta ci birki dab da shi. Garba Jirgi ya leƙo.

"Bala! Mutuwa kake nema, ka rasa motar da za ta kashe ka sai tawa?"

Kawu ya durƙusa a kan kwalta, da furfurarsa da komai.

"Garba, 'yata ce. Haihuwa. Don Allah."

Garba ya dubi Tsohuwa, ya dubi hayaƙin. Fasinjojinsa ba wanda ya jira a ce masa ya sauka, kowa ya ja kayansa ya fito.

"Tashi, tsohon banza, kana ɓata mana lokaci! Ku ɗauko ta!"

Ranar na san dalilin da ya sa ake ce masa Jirgi, kuma ranar ce kaɗai a rayuwata ban ce wa direba ya rage gudu ba. Muna isa aka wuce da ita ɗakin tiyata. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Aka ciro mace, tana kuka, uwar ma ta farfaɗo.

Can bayan azahar sai ga Kawu a bayan babur ɗin wani mai kai kaji kasuwa, giris har gwiwar hannu, yatsu sun yi ƙuna. Ya bar Tsohuwa a bakin titi, ko ƙofa bai kulle ba. Garba na zaune a benci, bai tafi ba. Kawu ya tambayi uwar, aka ce lafiya. Ya tambayi jaririya, aka ce lafiya. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Can Kawu ya yi gyaran murya.

"Garba."

"Na'am."

"Da kuka tashi na lura. Motarka tana jan gefe. Ka kai a duba."

"Ku ji mini tsohon banza!" in ji Garba, ya fashe da dariya har da hawaye.

Da Iya ta fito da jaririyar ta miƙa masa, ya ɓoye hannuwansa a baya, wai giris. Ni da ke kusa na san ba giris kaɗai ba ne. Ya sunkuya ya tofa mata addu'a, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce mini a hankali, "Malam Wataƙila, yau na ji tsoro."

An gyara Tsohuwa daga baya, amma daga ranar bai ƙara ɗaukar mutum a cikinta ba. Sai buhunan riɗi da zoɓo, daga ƙauyukan Gagarawa zuwa Maigatari. In 'yan tasha suka tsokane shi, sai ya ce, "Buhu ba ya naƙuda."

Jaririyar nan yanzu ta girma, har ta shiga makaranta. Ranar da aka kai Kawu makwanci, Garba ne ya shiga ramin ya karɓe shi, ya fito yana share fuska da hannun riga.

Allah ya jiƙan Kawu Bala, ya yafe masa taurin kansa, ya dubi durƙuson da ya yi a kan kwalta saboda 'yar wani. Allah ya yalwata masa kabari, ya kwantar masa da hankali a ranar da kowa ke jin tsoro. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.